Farar Zomanya, Baƙin Zomo, da 'Ya'ya Masu Ruwan Ƙasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Wannan fili mai ciyayi da kuke gani a bayana shi ne lambun da wani limamin Kirista mai suna Gregor Mendel ya yi shuke-shukensa, a birnin Brno na Jamhuriyar Cek, inda nake karatu. Na daɗe ina wucewa ta bakin wurin ban taɓa shiga ba, sai da wata magana ta taso a gidanmu da ke Ɗorayi a Kano a kan zomaye, sannan na ga ya wajaba in zo in tsaya a nan in yi bayani, domin an ɗora wa yaro ƙarami laifin da bai aikata ba.

Da zan baro gida na bar wa ƙanina kejina huɗu a bayan ɗakin girki, ƙarƙashin inuwar darbejiya. A cikinsu akwai zomanya fara sol mai jan ido, irin wadda masu kiwo ke kira New Zealand White, akwai kuma namiji baƙi wuluk. Ƙanina ya kai macen kejin namijin kamar yadda na koya masa, aka yi barbara, bayan kwana 31 ta haifi 'ya'ya takwas. 'Ya'yan zomo tsirara suke zuwa, idanunsu a rufe, ba sa buɗewa sai wajen kwana goma, saboda haka babu wanda ya damu da launinsu a farko. Da suka kai mako uku sai ya kira ni ta bidiyo, yana ɗago su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa: uku farare kamar uwarsu, biyu baƙaƙe kamar ubansu, sauran ukun kuwa ruwan ƙasa ne, cikinsu fari-fari. Ya ce, "Yaya, don Allah ka faɗa mini, uwa fara, uba baƙi, daga ina ruwan ƙasa ya fito?"

Tun kafin ya kira ni ya riga ya yanke hukunci. Ɗan yayarmu mai shekara 11, wanda shi ke zuba musu dusa da harawa da ruwa kullum kafin ya tafi makaranta, shi aka tuhuma da buɗe keji ya shigo da zomon maƙwabta. Yaron ya rantse, ya yi kuka, ba a saurare shi ba, aka hana shi zuwa wajen zomayen. Hajiya kuma ta ce kamanninsu sak zomon daji da take gani a ƙauye tana yarinya, ko a cikin kakanninsu akwai na daji. Wannan kam ba ya yiwuwa, domin zomon gida asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake, jinsinsa daban da na dajinmu, kuma ba sa haihuwa tsakaninsu.

Amsar tana cikin abin da aka gano a wannan lambu. Daga 1856 zuwa 1863 Mendel ya yi ta haɗa irin waken Turawa da ake kira fis, yana ƙirga abin da ya fito. Da ya haɗa mai rawayar ƙwaya da mai koriya, 'ya'yan farko duk rawaya suka fito, kore ya ɓace kamar bai taɓa kasancewa ba. Amma a jikoki sai ga shi ya dawo, inda ya ƙirga rawaya 6,022 da kore 2,001, wato kusan uku bisa ɗaya. Ya wallafa sakamakon a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 1900, bayan ya mutu da shekara 16. Abin da ya fahimta shi ne, kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata ƙwayar tana rinjayar 'yar uwarta ta danne ta, ita kuma dannanniyar ba ta mutuwa, tana nan kwance tana jiran ranar da za ta haɗu da irinta.

To, a jikin zomo launi ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da shi ba, kuma a nan ne ƙanina ya ruɗe. Akwai ƙwayar da aikinta shi ne ta ba da izinin fitar launi gaba ɗaya. Zomon da ya gaji lalatacciyarta daga uwa da uba duka biyu, jikinsa ba ya iya yin launi ko kaɗan, sai ya fito zabiya, gashi fari, ido ja, kuma jan nan jinin da ke cikin idon ne ake hangowa. Farin irin wannan zomanya mayafi ne kawai. A ƙarƙashinsa tana ɗauke da cikakken gadon launin kakanninta, ko baƙi ne, ko ruwan ƙasa, ko dabbare-dabbare, sai dai babu hanyar da zai bayyana a jikinta. Akwai kuma wata ƙwayar daban da ke tsara yadda launi zai kwanta a kan kowane silin gashi, kuma tsarin ruwan ƙasa irin na asali yana rinjayar baƙi zalla.

Saboda haka abin da ya faru a kejinmu a bayyane yake. Uban ya ba 'ya'yan ƙwayar da ke buɗe launi, uwar kuma ta ba su tsarin ruwan ƙasa da ta ɓoye a ƙarƙashin farinta, su biyun suka haɗu suka fitar da launin da babu shi a jikin ɗayansu. Baƙaƙen biyu sun nuna cewa uwar tana ɗauke da ƙwayar baƙi a gefe guda. Fararen ukun kuwa sun tona asirin uban, domin da ba ya ɗauke da ƙwayar zabiya a ɓoye, da ko ɗaya ba zai fito fari ba. Na sa ƙanina ya ɗauko ɗaya daga cikin masu ruwan ƙasar ya hura gashin bayansa a gaban kyamara. Gashin ya buɗe kamar fure, sai ga zobe-zobe: toka a gindi, ruwan goro a tsakiya, baƙi a baki. Ya yi shiru yana kallo, ya sake hurawa.

Ban ce zargi ba ya da muhalli a kiwon zomo ba. Zomanya tana sakin ƙwai ne sakamakon barbara, kuma idan maza biyu suka hau ta a kusa da juna, haihuwa ɗaya tana iya zuwa da uba biyu. Amma ga ma'aunin da ya kamata mai kiwo ya riƙe: farare biyu masu jan ido ba sa haifar komai sai farare masu jan ido. Idan aka ga mai launi a cikin 'ya'yansu, lalle wani namiji ya shiga. Fara da mai launi kuwa, komai na iya fitowa, kuma ba hujja ba ce a kan kowa.

Haka dogon gashi yake. Ƙwayarsa dannanniya ce, don haka iyaye biyu masu gajeren gashi, idan kowannensu yana ɗauke da ita, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito da gashi buzu-buzu irin na zomon Angora. Ɗaya cikin huɗun nan lissafi ne na haihuwa da yawa. A haihuwa guda ana iya samun uku, ana iya rasa ko ɗaya. A ganina irin wannan ɗa bai dace a bar shi ya zama iri a Kano ba, komai kyansa a ido, domin zomo dabba ce da zafi ke wahalarwa da zarar ya haura digiri 30, balle a watan Afirilu da gari ke kaiwa 40. Masu kiwon Californian, farin nan mai baƙin hanci da kunnuwa da ƙafafu, su ma kada su tsorata idan suka ga baƙin ya ƙara duhu da hunturu ya kuma kwaranye da bazara, domin launin wannan iri a wuraren jiki masu sanyi kaɗai yake fita.

Abin da ya fi damuna ba launi ba ne. Yawancinmu a cikin gari da zomaye biyu muke farawa, daga nan uba ya hau 'ya, wa ya hau ƙanwa, shekara da shekaru ba a shigo da sabon jini ba. Hanyar da ɓoyayyen launi ke bi ya fito, ita ce ɓoyayyar nakasa ke bi. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, cin abinci ne ke goge su, kuma akwai karkacewar muƙamuƙi ta gado da ke hana na sama da na ƙasa haɗuwa, har haƙori ya yi tsawo ya lanƙwashe, dabba ta kasa ci ta rame. Na taɓa rasa ɗan zomo ɗaya ta wannan hanya, kuma har yau ina tuna yadda yake tsayawa a gaban kwanon dusa yana sunsuna ba ya iya ɗauka.

Shi ya sa na roƙi ƙanina abu biyu. Ya sayi littafi na makaranta ya riƙa rubuta wace mace aka kai wa wane namiji, a wace rana, 'ya'ya nawa ta haifa, da launin kowanne. Sannan idan an yaye waɗannan kuma uwar ta huta, ya sake kai ta wajen baƙin namijin nan da hannunsa, ya sa kwaɗo a kejin, ya riƙe makullin a aljihunsa. Jiya da daddare ya aiko mini da hoton shafin farko na littafin, kuma rubutun da ke ciki na ɗan yayarmu ne, wanda aka mayar wa aikinsa tun ranar da aka hura gashin nan. Ya ja layi ya raba shafin gida uku, ya rubuta fari, baƙi, ruwan ƙasa, ya bar wurin ƙirga a buɗe har sai an sake haihuwa.