Yadda ake saita hannun birki a kan keke mai wararren ƙaho

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kan keken gravel zamu duba, wannan da ake hawa a hanyar burji da tsakuwa, wanda kansa ya lanƙwaso ƙasa kamar ƙahon rago. Kalli nan da kyau, na keken tsere na kwalta ƙahon a miƙe yake sauka, wannan kuwa ƙasansa ya ware waje. Da digiri ake auna warewar, misali samfurin kai na Salsa Cowbell 12 ne, Cowchipper 24, Ritchey VentureMax shima 24. Kuma ba yau aka fara ba, tun shekarun 1980 maƙerin keke Charlie Cunningham yake sa irinsa a kekunan hawan dutse can Kalifoniya a Amurka.

Toh matsalar ita ce mutum zai ɗaura birki sai yaga ya karkace, kan robar ya kalli ciki bakin hannun birkin ya yi waje, sai yace ai ba daidai bane ya kama murɗawa wai sai ya tsaya cak kamar na keken kwalta. Dan Allah kar kayi haka. Barshi ya bi layin ƙahon. In ka miƙar dashi da ƙarfi bakin zai shige ciki ya bar inda yatsanka yake, ranar da kake gangarowa a gargada hannunka na ƙasa ka kai yatsa zaka ja birki sai kaji wayam.

Kafin ka taɓa birkin ma fara gyara kan kansa. Sassauta notikan wuyan keke, juya shi har wutsiyar ƙahon ta kwanta daidai da ƙasa ko ta ɗan sunkuya kaɗan, ka ɗaure. Yawwa. Yanzu ɗaga robar nan da ake ɗora tafin hannu, a ƙarƙashinta akwai noti, in birkin kamfanin Shimano ne alanki mai lamba 5 zai shiga. Sassauta kawai yadda zai riƙa zamewa, ba cirewa zaka yi ba.

Nan ne fa ake shan wuya. Ka ɗaga birkin sama, riƙon sama zai yi daɗi wuyan hannu ya huta, amma daga ƙasa birki ya maka nisa. Ka sauke shi, daga ƙasa kana kamawa cikin sauƙi amma in ka dawo sama wuyan hannunka ya karye gaba, tafiya kaɗan zaka fara jin yatsu na mutuwa. Tsofaffin makanikai rula suke sawa a ƙarƙashin ƙaho suce bakin birki ya taɓa ta, wannan dabarar ta tsohon kai ce, a na yanzu sau da yawa ƙasa take kai shi da yawa. Ni dai na fi son a fara da inda saman kan da robar suka zama shimfiɗa ɗaya babu tudu babu rami, sannan ka hau sirdi, ka jingina da bango ko wani ya riƙe maka, ka sa hannu a ƙasa ka miƙa manuniya. Gaɓar farko ta yatsan ta kama birkin ba tare da ka saki riƙo ba. In bata kai ba kar kayi saurin sauke shi, akwai wani ɗan ƙaramin noti da ke matso da hannun birkin kusa, birkin Shimano da na kamfanin SRAM duk suna dashi. Amma bayan ka matso dashi matsa birkin iya ƙarfinka ka tabbata baya taɓa ƙahon kafin taya ta tsaya.

In warewar ta kai 24 ɗin nan, sani cewa an yi shi ne don hannunka ya fi zama a ƙasan ƙahon, don haka ɗaga kan gaba ɗaya sama kaɗan ya fi ka ta wahalar da birkin. Af, masu gasar kwalta kuma tun 2024 hukumar tseren keke ta duniya UCI ta hana su karkatar da birki ciki fiye da digiri 10, kai da ba gasa kake ba wannan bai shafe ka ba.

Saura daidaita hagu da dama. Wasu kawunan suna da zane-zane a jiki, ƙirga su. In babu ɗora sanda miƙaƙƙiya a kan robobin biyu ka tsaya a gaba ka duba ko ta yi layi da saman kan. Sai ɗauri, Shimano sun ce Nm 6 zuwa 8, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, in kan na kabon ne wallahi nemi makullin da ke auna ƙarfi don tsagewa yake. Kar ka naɗe ƙahon da tef ɗinsa yanzu, kama wayoyin da tef ɗin lantarki, sa alankin a aljihu ka fita ka gwada a gangara da gargada, sai ya zauna maka sannan ka naɗe.