Yadda Waƙar Mutum Ɗaya Ke Zama ta Ƙungiya

A watan Oktoba na 1994 wani makaɗin ganga mai suna Dave Grohl ya shiga wani sutudiyo da ke gefen birnin Seattle a Amurka. Wata 6 ke nan da rasuwar mawaƙi Kurt Cobain, ƙungiyar kiɗansu ta Nirvana kuma ta watse. Cikin kimanin mako guda ya naɗe albam sukutum. Shi ya buga ganga, shi ya kaɗa jita da bes, wato jita mai kaurin sauti, shi ya rera, in ban da jita a waƙa ɗaya da wani abokinsa ya kaɗa. Da ya tashi rarraba kaset ga abokai bai sa sunansa ba, sai ya rubuta Foo Fighters, suna mai kama da na taron jama'a. Sunan ƙungiya dai ya samu, amma babu ko ɗan ƙungiya ɗaya.

Ta yaya mutum ɗaya zai yi aikin mutum huɗu? Na'urar naɗar sauti ce ke ba shi dama. Tana da layuka da yawa, kowane layi da abin da yake ɗauka. Ya fara buga ganga a layi na farko. Sai ya sa iyafis yana jin gangar, ya ɗora bes a layi na biyu. Jita ta biyo baya, murya ta hau, in ya ga dama ya koma ya yi wa kansa amshi. A da sai da sutudiyo mai tsada, yanzu kwamfuta da makirfo a ɗakin kwana sun wadatar. Will Toledo, da ya soma waƙa da sunan Car Seat Headrest a 2010, a kujerar bayan mota yake naɗar muryarsa don kada a ji shi a gida, yana ɗora waƙoƙin a Bandcamp, wani shafin waƙoƙi na intanet.

Wannan kaɗaici yana da daɗi, kuma ina ganin ya kamata a faɗi haka. Babu mai ce maka gyara nan. Ƙarfe biyun dare tunani ya zo maka, ka tashi ka naɗa. Ba ka jiran kowa, ba ka biyan kowa.

Ranar da aka gayyace ka wasa a gaban jama'a, ranar lissafi ke canzawa. Abin da ka jera ɗaya bayan ɗaya a ɗaki, a dandamali dole ya tashi lokaci guda, hannunka kuwa biyu ne. Wasu kan saka kiɗan da suka riga suka naɗa su hau kai su rera. Yana yi, sai dai kiɗan na'ura ba ya kallon jama'a. In taro ya ɗauki zafi kana so ka maimaita amshi sau biyu, na'ura ta wuce abinta. Makaɗi mai rai kuwa, ɗaga gira kawai za ka yi masa ya gane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa mai waƙa ke fara neman mutane, kuma sau da yawa mai ganga da mai bes ake soma nema, don su ne ke riƙe da taku.

To, a nan ne hanya ta rabu, kuma nan nake so ku tsaya da ni. Tara makaɗa a dandamali bai mayar da su ƙungiya ba tukuna. Kevin Parker na birnin Perth a Ostireliya shi ke rubutawa, ya kaɗa, ya naɗi kusan duk waƙoƙin da ke fita da sunan Tame Impala da kansa, sai lokacin wasa abokansa su hau dandamali tare da shi. Trent Reznor ya kafa Nine Inch Nails a 1988, makaɗa da dama sun shigo sun fita, amma shi kaɗai ne ɗan ƙungiya a hukumance har zuwa 2016 da Atticus Ross ya zama na biyu. Shekara 28. Babu laifi a wannan tsari muddin kowa ya san matsayinsa tun farko.

Ƙungiya ta gaske tana fara samuwa ne a ɗakin gwaji, a wani ɗan lokaci da ba kasafai ake lura da shi ba. Mai waƙa ya kunna abin da ya naɗa, ya ce da mai bes, kaɗa kamar haka. Mai bes ya bi sau ɗaya, sau biyu. A na uku yatsansa ya zame zuwa wani sauti da babu shi a asali, ya ɗan jinkirta kafin amshi ya shigo. Mai ganga ya ji, ya sassauta hannu ya ba shi fili. Kowa ya ɗago kai ya dubi mai waƙa. Abin da ya faɗa a wannan daƙiƙar shi ne hukunci. In ya ce a koma yadda yake, ma'aikata yake da su. In ya ce a sake yin wannan in ji, to ya buɗe ƙofa, kuma daga ranar waƙar ta daina zama tasa shi kaɗai.

Sakin nan yana da wuya ƙwarai, musamman ga wanda ya iya kayan kiɗan da kansa. Bayan Grohl ya tara makaɗa a Foo Fighters, lokacin da suke aikin albam na biyu, wanda ya fito a 1997, bai gamsu da gangar da mai gangarsu William Goldsmith ya buga ba, ya sake buga mafi yawanta da hannunsa. Goldsmith ya bar ƙungiyar. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jin waƙa a kansa daidai yadda yake so, ba ƙaramin aiki ba ne ya yarda wani ya ji ta daban. Shi ma wanda aka kira, zuciya gare shi. Ba zai daɗe yana zuba basirarsa a inda za a goge ta cikin dare ba.

In aka yi dace kuma, ribar tana fitowa fili. Toledo ya koma Seattle, ya tara makaɗa, kamfanin faifan waƙa na Matador ya ɗauke shi a 2015. Ya ɗauko albam ɗin da ya naɗa shi kaɗai a 2011 ya sake naɗarsa tare da ƙungiya, ya fitar da shi a 2018. Waƙoƙin su ne dai, amma duk wanda ya saurari biyun a jere zai ji yadda suka yi ƙiba, suka sami numfashi.

Sai maganar da kowa ke jin nauyinta, wato kuɗi da suna. Kowace waƙa da aka naɗa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai na ƙirƙira, na wanda ya tsara baiti da karin waƙa. Akwai na sautin da aka naɗa, na wanda ya mallaki faifan. Makaɗin da aka ɗauko haya yakan karɓi ladarsa ta wasa ko ta sutudiyo ya tafi, riba ko asara ba ruwansa. Ɗan ƙungiya kuwa yana cikin riba, yana cikin asara, har kuɗin mota da na masauki. Rigima takan taso ne a tsakiya, inda mutum ke ɗaukar wahalar ɗan ƙungiya amma ana kallonsa a matsayin ɗan haya. Sautin nan da mai bes ya ƙirƙiro a ɗakin gwaji, ƙirƙira ce ko ado? A al'adar sana'ar, baiti da kari ake fi lissafawa, salon ganga da bes sukan tashi a tutar babu sai in an amince a saka su. Ƙungiyar R.E.M. ta warware wannan tun da wuri, ta riƙa sa sunan dukkan su huɗun a kan waƙoƙinta ko wa ya kawo tunanin.

Ba na cewa kowa ya raba daidai. Wanda ya gina suna shekara biyar shi kaɗai yana da hujjar riƙe kaso mafi tsoka, kuma abokan kirki za su fahimta in ya faɗa musu baki da baki. Abin da ke ɓata zumunci shi ne shiru, a bar magana sai kuɗi sun shigo. Tun kafin wasan farko da za a biya ku, ku zauna ku rubuta a takarda: wa ke cikin ƙungiya, wa aka ɗauko haya, kason kowa a kowace waƙa, wa ke da kalmar ƙarshe in an sami saɓani a sutudiyo, wa ke riƙe da shafukan intanet da asusun kuɗi. Ku kuma rubuta wanda sunan ƙungiyar zai bi idan wani ya tashi tafiya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.