Darasi: Yadda ake gano gurbin harshen Guarayu a dangin Tupi-Guarani

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Na san kowa ya ja layukan jadawalinsa na kwatanta kalmomin harsunan, to mu shiga aiki. Gida uku muke so: Guarani na Paragwai a hagu, Guarayu a tsakiya, Tupinamba na gaɓar tekun Brazil a dama. Ku tsaya, ku bar fili na huɗu a gefe, harshen Siriono na Boliviya zai shigo daga baya.

Guarayu ɗin da muke magana a kai shi ne na Boliviya, jihar Santa Cruz, wanda ake ji a garuruwan Ascensión, Urubichá da Yaguarú. Ku kiyaye da sunan nan, domin a tsofaffin littattafai akan kira mutanen Ese Ejja da Guarayo, alhali harshensu na dangin Takana ne. Wanda ya kwaso kalmominsu ya zuba a nan, jadawalinsa ya lalace tun daga tushe.

A shekarar 1985 masanin harsuna Aryon Rodrigues ya kasa dangin Tupi-Guarani rukuni 8. Guarani na rukuni na ɗaya, Tupinamba na uku, Guarayu kuwa yana na biyu tare da Siriono da Jorá, daga baya aka haɗa da Yuki da Pauserna. Da sauye-sauyen sauti ya yi rabon, shi ma za mu gwada yanzu.

Ku rubuta "ya tafi". Guarani oho, Tupinamba osó, Guarayu oso. Sai "wata", na sama: duka ukun suna da s a tsakiya, jasy a Guarani, yasɨ a Guarayu. To a nan ne ɗalibai ke tuntuɓe, ku saurara da kyau. Uwar harsunan tana da baƙaƙe biyu daban, ana rubuta su *ts da *tx. Guarani ya raba su: *ts ya koma h ko ya ɓace, *tx ya zama s. Guarayu ya haɗe su wuri guda, kamar yadda Tupinamba ya yi. Saboda haka kalmar "wata" ita kaɗai ba ta nuna muku komai, sai kun jera ta da "tafi". Ku sake kallon layukan biyu tare: a layin "tafi" h a hagu, s a tsakiya, s a dama; a layin "wata" kuwa s ko'ina.

Yanzu ƙarshen kalma. "So" a Tupinamba potar ne, a Guarani da Guarayu pota. A nan Guarayu ya koma ɓangaren Guarani, ko da yake r ɗin ƙarshe bai ɓace masa kwata-kwata ba, za ku ci karo da shi a wasu ɗafa-ƙeya. Ga dalilin da ya sa aka ware masa rukuni: a wannan ya bi hagu, a wancan ya bi dama.

Nauyin furuci kuma a Guarayu yana kan gaɓar kusa da ƙarshe. Ni dai ban cika dogara da wannan ma'aunin ba, tunda Guarani na kudancin Boliviya ma haka yake yi, kuma ɗan rukuni na ɗaya ne.

In kuna aiki da nahawun Guarayu na Alfred Hoeller na 1932, da Jamusanci yake, rubutunsa kuma ya bambanta da na makarantun yanzu, sai ku daidaita haruffa kafin ku kwatanta. Ku cike gidan Siriono da kalmomin nan uku, a darasi na gaba za mu duba su tare.