Me ya sa manhajar lissafi take ƙin taƙaita wasu amsoshin?

Ku buɗe Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ku rubuta 0.1 + 0.2. Kuna jiran 0.3, amma ga abin da ya fito a allo: 0.30000000000000004. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Da sifili da ɗaya take ajiye lambobi, kuma a wannan tsarin 0.1 ba shi da ƙarshe, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa in an rubuta shi 0.333. Dole ta datse shi a wani wuri, sai ɗan ɓurɓushin kuskure ya rage.

Akwai manhajojin da ba sa yin wannan datsewar: Mathematica da ta fito a 1988, Maple, Maxima wadda ta samo asali daga Macsyma da aka fara a jami'ar MIT a 1968, sai SymPy da ke aiki cikin Python. Su alamomin kansu suke riƙewa. Ku ba SymPy tushen murabba'in 8, za ta mayar muku da 2√2, ba 2.828 da 'yan kai ba. Ku ninka √2 da kansa, 2 ne cif. Sai dai a kula: in kun rubuta 1/3 haka tsirara, Python ya riga ya mayar da shi 0.333 kafin SymPy ta gan shi. Rational(1, 3) ake rubutawa.

To, yanzu ga inda mutane ke jin haushi. Ku ce wa SymPy ta taƙaita √(x²). Kowa ya ɗauka x zai gani. Ita kuwa ta dawo da shi yadda kuka ba ta. Ba ƙiwa ba ce. Ku sa x ya zama −3: ninka shi da kansa, 9, tushen murabba'in 9 kuwa 3 ne, ba −3 ba. Ashe amsar da muke jira ƙarya ce ga duk lambar da ke ƙasa da sifili. Amma da zarar kun ayyana x da positive=True, wato kun tabbatar mata ya haura sifili, nan take za ta ce x. In real=True kuka sa, wato lamba ce ta yau da kullum ko sama ko ƙasa da sifili, |x| za ta bayar, wato x ba tare da alamar ɗebewa ba.

Wani lokacin kuma ita ce mai gaggawar. Ku ce mata ta taƙaita (x² − 1)/(x − 1), za ta soke ta bar x + 1. Daidai ne a ko'ina ban da inda x ya zama 1, domin a can lissafin farko raba sifili da sifili ne. Ba za ta faɗa muku ba.

Sannan wace amsa ce ma ta fi sauƙi? (x + 1)¹⁰⁰ gajere ne. Ku warware shi da expand, gaɓoɓi 101 za su cika allo. Shi kuwa x¹⁰⁰ − 1, in kun tsaga shi da factor ne zai yi tsawo. Umarnin simplify, wato na taƙaitawa, gwada dabaru yake yi, ya zaɓi wadda ta fi gajarta a ma'auninsa. Shi ya sa, a ganina, in kun san siffar da kuke nema, gara ku kira ta da sunanta: expand, factor, cancel, ko trigsimp ga su sin da cos.

Matsalar ma ta wuce ƙwarewar masu rubuta manhaja. A 1968 Daniel Richardson ya tabbatar cewa idan lissafi ya haɗa π, ln 2, eˣ, sin x da |x|, babu wata hanya guda da za ta iya gano, a kowane hali, ko sakamakon sifili ne. Saboda haka in kuna gwada lissafi biyu, kuka ɗebe ɗaya daga ɗaya, simplify bai ba ku sifili ba, kada ku yanke hukuncin sun bambanta. Ku zuba musu lambobi daban-daban ku gani, ko ku yi amfani da equals, wanda shi ma yakan gwada da lambobi kafin ya amsa.