Sista Ta Koma Gida Ta Yi Aure: Shin Ta Karya Alkawari Ne?

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wata sistar Katolika ta ajiye lulluɓinta ta koma gida, har ma ta yi aure, sai ka ji ana cewa ta ci amanar alkawarin da ta yi wa Allah. Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a fara tambaya: wane alkawarin?

Farkon tafiyar ba shi da wuyar ganewa. Mace takan fara zama da sistoci domin a ga halinta, ita ma ta ga nasu, sannan ta shiga horo na musamman, wanda dokar Cocin ta 1983 ta ce kada ya gaza wata 12, kada kuma ya wuce shekara 2. Waɗanda suke cikin wannan horo ba su ɗauki alkawarin komai ba tukuna.

A nan ne ake yin kuskure. Bayan horon, takan tsaya gaban jama'a ta yi alkawari uku: zaman talauci da son ranta, rashin aure tare da kame kai, da biyayya. Daga ranar ana kiranta Sista, ana tura ta makaranta ko asibiti ko gidan marayu, kuma mai kallo daga waje ba zai iya bambanta ta da wadda ta shekara 30 a ciki ba. Amma wannan alkawari na wa'adi ne. Dokar ta ce shekara 3 zuwa 6, idan kuma akwai dalili a ƙara, muddin jimillar ba ta wuce 9 ba. Ko neman aure, a ganina, ba kasafai yake jan wannan lokaci ba. Idan wa'adin ya cika ta ga ba hanyarta ba ce, tana da 'yancin tafiya, kuma babu abin da ta karya.

Alkawarin har abada shi ne wanda ke biyo bayan na wa'adi, kuma ba a yinsa sai mace ta cika shekara 21 da haihuwa. A ƙungiyoyin sistoci da yawa, ranar alkawarin takan kwanta rubda ciki a gaban bagadi ana roƙon tsarkaka su yi mata addu'a, sannan a sa mata zobe. Wadda ta kai nan, idan tana son fita, sai ta rubuta dalilanta ta nemi izini daga fadar Fafaroma, ko daga bishop idan ƙungiyarta tana ƙarƙashinsa.