Yadda tsohon gidan yari ke komawa gidan kiɗa

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi kaurin wannan katanga ta tsohon gidan yari, ku dubi ƙofar ƙarfen nan da 'yar tagar da ke can sama, wadda ko kan yaro ba zai shiga ba. An gina su ne don kada na ciki ya fita, kada ma a ji kukansa daga waje. To, wannan kaurin da ya sa wurin ya zama abin tsoro, shi ne kuma ya sa tsohon kurkuku ya dace da ajiyar kayan kiɗa.

Ba sabon abu ba ne. A Legas, tsohon gidan yarin Broad Street na zamanin Turawa, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, ya koma Freedom Park a shekarar 2010, lokacin da Najeriya ta cika shekara 50 da samun 'yanci. Mai zanen gine-gine Theo Lawson ne ya zana wannan wurin shaƙatawa. Yau makaɗa ke hawa dandali a harabar da a da ganduroba ke ƙirga fursunoni. A Horsens ta ƙasar Denmak ma, an rufe gidan yarin garin a 2006, ya zama gidan tarihi da filin kiɗa.

Yaya ake yin aikin? Kowane ɗakin fursuna ƙarami ne, kuma bango mai kauri ya raba shi da na kusa. Sai ya zama ɗakin saurare. A wannan ka ji kalangu yana magana, ka taka ƙafa biyu ka shiga na gaba ka tarar da goge, sautin wannan bai hau kan na wancan ba. Amma bangon siminti yana mayar da amsa-kuwwa, don haka sai an shimfiɗa tabarma ko an manna abin da zai shanye ƙarar.

Babban yaƙin kuwa da iska ake yinsa. Kayan kiɗanmu fata ne da itace da ƙwarya. Duk makaɗi ya san yadda fatar ganga ke saki da damina, sai an gasa ta kafin ta yi zaƙi, ya kuma san yadda hunturu ke tsattsage ƙwarya. Ga gara, ga ɓera. Ginin da aka yi shi ba don iska ta wadata ba, dole a gyara rufinsa, a toshe yoyo, a daidaita ɗumi da laima, in ba haka ba kotso da taushi za su ruɓe a cikin gilashi ana kallo.

Ni dai abin da ba na so a yi shi ne a shafe komai da fenti. A bar ɗaki ɗaya yadda yake, da ƙofarsa da rubutun da aka karce a bango. Mutane sun sha wuya a nan, kuma 'ya'yansu suna raye.

Yanzu mu dawo gida Kaduna. Muna da Gidan Arewa, muna da gidan adana kayan tarihi na kan titin Ali Akilu. Muna kuma da gidan rediyon da tun 1962 yake naɗar muryoyin mawaƙan Arewa. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Kaset da faifan garmaho ba sa jiran kowa, kullum lalacewa suke yi. Matashin da ke haɗa waƙa a kwamfuta a Tudun Wada, ina zai je ya riƙe kuntigi a hannunsa, ya ga cewa gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya tak?

Gidan yarin da ke tsakiyar garin nan yana aiki har yanzu, ba a kansa muke yanke hukunci ba. Amma duk ranar da aka tashi wani tsohon kurkuku a Arewa, kafin a kira katafila, muna roƙo a fara kiran makaɗa su shiga ɗaki ɗaya da kalangu, su buga, a ji.