Rufin bututun trombon: me zai maye gurbin kurom?

Jama'a, na ce abu uku zan kawo, to bari mu fara. Na ɗaya, shi wannan bututun trombon, kayan busan nan na 'yan badujala, da kuke ja kuna turawa, hawa biyu ne. Na waje yawanci farar tagulla ce, jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30. Na ciki gaurayen nikel ne da aka yi wa rufin kurom, shi ya sa yake ƙyalli kamar madubi. Kuma ba duk tsawonsa ke guga ba. Can ƙarshe akwai ɗan wuri mai kauri, kamar inci 4, Turawa suna ce masa safa. Safa fa! Duk wahalar a nan take. Malam na baya, ɗaga naka su gani. Kun ga inda ya yi rawaya? Kurom ɗin ne ya cinye.

To me ya sa ake neman wani rufin? Ruwan da ake yin kurom da shi guba ne, yana jawo ciwon daji, Tarayyar Turai ma ta ƙuntata amfani da shi tun 2017. Sai mutane suka fara hangen titaniyom naitirayid. Kun san bakin injin huji mai launin zinariya? Shi ne. Taurinsa ya ninka na kurom. Ni ina son wannan abu, wallahi ina sonsa. Amma a ɗakin da aka zuƙe wa iska ake shafa shi, da zafin da kan kai digiri 400. Dalmar da aka liƙe kayan busa da ita kuwa, wajen digiri 200 ta fara narkewa. Ga bututun siriri kamar takarda. Ka samu tauri, bututu ya karkace, me ka yi? In ya karkace da kaurin gashi ɗaya, hannunka zai gaya maka kafin kunnenka. Ko da lu'ulu'u ka rufe karkataccen bututu, sai ya cije. Akwai ma rufin kabon mai kama da lu'ulu'un, baƙi, mai santsi, shi ma tilas bututun da ke ƙarƙashinsa ya miƙe.

Na uku... na biyu ne? To, na biyu. Tefulon, na kaskon suya, santsi ba magana, amma laushi gare shi, guga tana cinye shi. Wasu kuma sun bar yin bututun waje da ƙarfe gaba ɗaya: kamfanin Butler a Amurka da zaren kabon yake yi, pBone ta Ingila da zaren gilashi.

Na'am? Yana tambaya wai su 'yan badujala da ke fareti cikin hunturu fa? Yawwa. Ƙura in ta haɗu da man shafawa ta zama sanfefa, kowane rufi sai ta ci shi. Da can man fuska na Pond's ake shafawa a fesa ruwa, yanzu ga man da aka yi don trombon, irin su Trombotine da Slide-O-Mix. Kaɗan za ka sa, a kan safa kawai. Kafin ka ƙara sabo, goge tsohon tas, ka zura tsumma cikin na wajen ma. Miƙo naka in nuna maka.